Ranar da Na Goya Kofur

Mahaifina tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa, ya dawo Ikara da kunne ɗaya da ba ya ji da wani guntun ƙarfe a cinyarsa ta dama, ya ajiye kaki ya koma gona. Duk garin Kofur ake ce masa, har limamin unguwarmu, har jikokinsa. Ni ne ɗansa na fari. Da za a jera mazan unguwarmu a ce wa baƙo ya nuna wanda soja ya haifa, ni zai nuna daga ƙarshe, shi ma don babu wanda ya saura.

Tun ina yaro halina ya fito fili. Ina tsoron kare, ina tsoron allura, akwai wani talotalon maƙwabtanmu da ya sa na canza hanyar makaranta har na gama firamare. Duk da haka Baba bai fid da rai ba. Da na kammala sakandare ya kai ni Zariya da kansa wajen ɗaukar sababbin sojoji. Aka ce mu tuɓe riga mu yi gudu. Na yi gudu iyakar ƙarfina, Allah shaida ne, amma da na iso mai busa usur ya riga ya tafi neman ruwan sha. A motar dawowa muka tsaya a Hunƙuyi. Baba ya saya mini rake ta taga, ya miƙo mini, ya ce, "Sha. Kai dai biro za ka riƙe."

Biron kuwa na riƙe. Na samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, na samu kujera da fanka, na saba da shayi mai kauri da safe da tsire bayan la'asar. Ranar kasuwar Makarfi ba na dawowa sai da mazarƙwaila a aljihun babbar riga. A hankali tumbi ya fara riga ni shiga ɗaki. Baba ya laƙaba mini Ofisa. Ya ce shi da ya sha ruwan harsashi bai wuce igiya biyu ba, ga ɗansa da bai taɓa harbin ko tsuntsu da danƙo ba ya zama ofisa, ai gida ya ci gaba. Sunan ya bi ni har mutane suka ɗauka girmamawa ce.

Ban daɗe da yin ritaya ba jikina ya fara ba ni labari. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba ya jira, wata Juma'a na ɗago daga ruku'u masallaci ya juya da ni. Likita ya auna, ya ce ciwon suga ne ga kuma hawan jini. Ya hana ni sukari, ya hana ni rake da mazarƙwaila, wato ya hana ni zama ɗan ƙasarmu. Sannan ya ce kullum in yi tafiyar ƙafa har in yi gumi. Na ce to, a raina ina lissafin daga ɗakina zuwa masallaci ai tafiya ce.

Kuskurena shi ne gaya wa maiɗakina. Gida ɗaya muke da iyayena, kowa da sashensa. Ita ta gaya wa Inna, mahaifiyata, Inna kuma ta gaya wa Baba. Shi kuwa Baba ba a yi masa magana sai da ƙarfi, a kunnen da ke ji, don haka kafin magariba duk layinmu ya san abin da ke cikin jinina.

Washegari na fito daga sallar asuba na tarar da shi a ƙofar masallaci. Ya sa wata tsohuwar suwaita koriya, ya ɗaure takalmin kambas, sanda a hammata. Mutumin da ya doshi tamanin, amma a miƙe yake kamar turken rumfa.

"Ofisa, shiga layi," in ji shi.

"Baba, wane layi? Ni kaɗai ne fa."

"Kai kaɗai ka isa mutum uku. Lef, rai."

Muka kama hanyar Saulawa, yana gaba ina baya. Ba mu wuce gidajen ƙarshen gari ba na fara haki. Damina ce, masara ta kai ƙugu, iska mai daɗi, tsuntsaye na kuka, ni kuwa ban ga komai ba sai diddigen Baba da ke ta nisa. Da muka dawo na kwanta a tsakar gida a kan tabarma, kaji na tsallake ni. Inna ta zo wucewa. Ita ba ta kiran sunana, ba ta ma kallona kai tsaye, saboda alkunyar ɗan fari, duk maganar da za ta yi mini sai ta bi ta kan wani. Ta dubi maiɗakina ta ce, "A gaya wa mai kwanciyar nan ya matsa, zan shanya barkono."

Cikin 'yan kwanaki na gano dabara. Hanyar Saulawa ba ta rabo da mutane da sassafe, masu tafiya gona da masu kai nono gari. Duk wanda muka haɗu da shi sai in tsaya in gaishe shi gaisuwa ta mutunci. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya mai jiki, ya aka ji da ruwan jiya, ya wajen su Malam. In ya amsa ya ɗaga ƙafa sai in tambayi lafiyar shanunsa. Akwai wani dattijo da na tambaya labarin surukinsa, ashe surukin ya shekara da rasuwa, sai na zauna a gefen hanya na yi masa ta'aziyya mai tsawo da addu'a. Mutane suka fara cewa ritaya ta gyara Ofisa, ya zama mai zumunci. Baba yana tsaye gefe yana dogare da sanda yana jira, don ba ya iya hana mutum gaisuwa.

Sai kawai ya canza hanya. Ya daina bin titi, ya koma burtali da 'yan siraran hanyoyin cikin gonaki, inda babu wanda za a gaisar sai ƙadangare. Ya kuma hana ni ɗaukar waya, ya ce ba a fareti da waya a aljihu.

A waɗannan hanyoyin ne ya fara magana. A gida Baba ba ya zancen yaƙi. Mun tashi mun san ba a tayar da shi daga barci ta hanyar taɓa shi, sai dai a tsaya daga ƙofa a yi sallama da ƙarfi. Mun san in aka yi tsawa mai ƙarfi yakan bar abin da yake yi ya shiga ɗaki. Ban da wannan ba mu san komai ba. Amma a cikin gona, yana gaba ya ba ni baya, sai ya riƙa sako zance kamar da masarar yake yi. Ni kuma ina baya ina tsintar abin da hakina ya bari na ji.

Ya ce shi ba kishin ƙasa ne ya kai shi soja ba, kada in bari wani ya ruɗe ni. Yana matashi yana aikin kora doki a wajen matsar rake a ƙasar Makarfi, bai daɗe da aure ba, Inna na da cikina. Aka ce mota ta zo ɗaukar soja, suka je kallo shi da abokansa. "Takalmi na gani," in ji shi. "Wani saje ya sauko daga mota da takalmi baƙi yana ƙyalli. Ni kuwa tunda aka haife ni ƙafata ba ta taɓa shiga takalmi ba. Na ce in dai za a ba ni irin wannan, a kai ni ko ina ne." Aka ba shi takalmin. Aka sa su a jirgin ƙasa zuwa kudu, inda ruwa ba ya ɗaukewa, daji ya rufe sama ba a ganin rana. Takalmin ya jiƙe bai sake bushewa ba, ƙafa ta riƙa ruɓewa a ciki, in ya cire safa sai ta fito da fata. Ya yi dariya ya ce da ya sani da ya tsaya wajen dokinsa.

Ya ba ni labarin koguna masu faɗi da aka tsallaka da su cikin kwalekwale, shi da bai iya iyo ba. Ya ba ni labarin wani ɗan Kudan da ya riƙa kukan kewar tuwon dawa har aka sa masa suna da shi. Duk labaransa na ruwa ne da yunwa da ƙafa. Wata safiya na tattara ƙarfin hali na yi masa tambayar da nake son yi tun ina yaro. Na matso kusa da kunnensa mai ji, na ce, "Baba, ka kashe mutane da yawa?"

Ya tsaya cak har na kusa karo da shi. Bai waiwayo ba.

"Gyara numfashinka," ya ce. "Ta hanci ake ja."

Muka ci gaba. Na ɗauka maganar ta mutu, ina ta zagin kaina a zuci. Sai da muka yi nisa ya ce akwai wani ƙauye da suka zauna bayan an ci shi. Kullum in an gama dafa abincin sojoji sai yara su fito daga daji su tsaya nesa. Cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja, ba sa kuka, ba sa roƙo, tsayawa kawai suke yi. Shi da wasu sukan kankare ƙanzon tukunya su kai musu a ganye. Wata rana yaron da ya saba karɓa a hannunsa bai zo ba, washegari ma bai zo ba. "Shi nake gani," in ji Baba. "Ba waɗanda kake tambaya ba."

Daga nan na fahimci dalilin da ya sa muna yara bai taɓa dukanmu a kan ƙarya ko faɗa ba, amma in ka bar loma a kwano sai jikinka ya gaya maka. Na kuma lura cewa a duk tarbiyyar da ya yi mini wannan ce kaɗai na riƙe da gaske, har ta kai ni gaban likita.

Abin ya faru ne wajen ƙarshen damina. An kwana ana ruwa, muka bi ta wata fadama da rake ya fi tsayin mutum, ganyensa na yankar hannu. Baba na gaba yana ba ni labarin wani kyaftin da ke tsoron maciji. Ina sunkuye ina kallon inda zan sa ƙafa, sai na ji shiru. Na ɗago na gan shi zaune a kan kunyar rake, sandar ta faɗi gefe. Baba ba ya zama a fareti. Ya dafe ƙirji, gumi na tsattsafo masa, leɓensa ya yi fari.

"Baba! Lafiya?"

"Ba komai. Ci gaba, zan same ka."

Ya yunƙura zai tashi ya koma. Na laluba aljihu, babu waya. Na yi ihu, na yi kururuwa, na kira mutanen da ban ma san ko akwai su ba, babu wanda ya amsa sai kwaɗi. Ya zaɓi hanyar da babu mai gaisarwa, ga shi kuwa babu. Na fara salati ina zagaya shi kamar kazar da aka taɓa wa 'ya'ya, har ya ɗago ido da ƙyar ya ce, "Ofisa, in kuka za ka yi, matsa can, kana tare mini iska."

Na durƙusa a gabansa na ba shi baya. Ya ce ba zai hau ba. Na ce wallahi sai ya hau. Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, ina jin mamaki ne ya sa ya saƙalo hannuwansa a wuyana. Na miƙe ina jiran nauyi ya danne ni, sai na ji babu nauyin. Mutumin da na yi rayuwata ina jin tsoron takunsa bai fi damin kara ba. Ƙasusuwan ƙirjinsa na taɓa bayana, ina jin zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba, ta yi sauri ta tsaya ta sake kamawa. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Rashin nauyin na farkon tafiya ne. Kafin mu fita daga cikin raken damin kara ya zama buhun masara. Taɓo na riƙe takalmina, tumbina na ja gaba, Baba na ja baya. Shi kuma da ya ɗan samu numfashi sai ya koma bakin aikinsa.

"Ɗaga ƙafa. Kana tafiya kamar saniya mai ciki."

"Baba, ka yi shiru ka huta."

"Hagu za ka bi. Hagu na ce. Wace makaranta ka yi?"

Muka iso wani ɗan rafi da ruwan daren ya cika. Na shiga, ruwa ya kai gwiwa, santsi ya kwashe ni na zube a kan gwiwoyi da tafin hannu. Fuskata ta sha taɓo, hulata ta bi ruwa, amma ban sake shi ba. Yana bisa bayana kamar mai hawan jaki, ko ƙafarsa ba ta jiƙe sosai ba. Na rarrafa na fita, na miƙe, na ci gaba. Ban san tsawon tafiyar ba, na dai san na yi wa Allah alkawura da yawa a hanyar nan, wasu har yau ban cika ba.

Da muka fito titi sai ga wani bawan Allah da amalanken shanu ya ɗauko ciyawa zai shiga gari. Na ɗaga masa hannu, ya tsaya. Na sauke Baba a hankali ya dafa amalanken. Na buɗe baki zan yi bayani, sai ƙafafuna suka ce sun gama nasu. Duhu ya rufe mini ido, na sulale ƙasa.

Abin da ya biyo baya mai amalanken ne ya ba da labari, kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Ya ga ƙato kwance cikin taɓo, ya ga tsoho a tsaye a kansa yana yi masa fifita da tasa hular. Baba ya huta a bayana, ciwon ya lafa masa. Shi ya kama ƙafafuna, mai amalanke ya kama kafaɗu, suka ɗora ni a kan ciyawa da ƙyar. Haka muka shiga Ikara da hantsi, lokacin da kowa ke waje. Ni ina kwance rigingine, tumbi na kallon sama, babu hula, takalmi ɗaya. Baba na zaune a gaba kusa da mai shanu, ya miƙe baya, sanda a kan cinya, yana amsa gaisuwa.

Kafin azahar labari ya zaga cewa Ofisa ya faɗi a fadama Kofur ya ceto shi. Kafin la'asar an ce a kafaɗa ya saɓo ni. Da magariba wani ya rantse cewa haka Kofur ya riƙa ɗauko waɗanda aka harba a yaƙi, biyu-biyu. Mutane suka cika gidanmu dubiya, ni ake dubawa. Aka kawo lemo da ayaba, aka zauna a kaina ana sannu. Na ɗago na ce, "Jama'a, ba haka aka yi ba, ni ne na goyo shi." Wani abokin aikina na dā ya dafa ni ya mayar da ni kwance, ya ce wa sauran, "Sugan ne, yakan taɓa kai." Suka fita zaure wajen Baba suna sa masa albarka, ina jiyo shi yana cewa, "Ikon Allah ne. Ɗa ai ba a yar da shi."

Har maiɗakina, uwar 'ya'yana, da na gaya mata gaskiya sai ta ce, "To, Alhaji, Allah ya ba da lada," da irin muryar da ake lallashin yaro.

Raina ya ɓaci, amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Bugun zuciyar nan da na ji a bayana ya hana ni sakat. Washegari na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa a faifai. Na tsuguna na gaishe ta, na ce ina da magana a kan Baba. Ba ta ɗago ba. Babu kowa kusa da za ta bi ta kansa, don haka faifan ta yi wa magana.

"Wadda ta wanke kayan jiya ta san wanda ya goyi wani," ta ce. "Ga shatin hannu biyu na taɓo a wuyan rigar wanda aka ce an saɓo. A faɗi abin da ya same shi."

Na faɗa mata duka. Ta ajiye faifan, ta gyara ɗaurin zane, ta nufi zaure, na bi ta a baya. Ta tsaya a saitin kunnensa mai ji ta ce ya tashi a tafi asibiti. Ya ce lafiyarsa ƙalau, jiya ma shi ya ɗauko mutum. Ta ce ya gaya wa 'yan zaure wannan, ba ita ba. Ya ce shi da bai mutu a kudu ba ba zai mutu don ɗan ciwon ƙirji ba.

Nan Inna ta tayar da tsohon zance. Ana tsakiyar yaƙi wani soja ɗan wajen Furana ya dawo da rauni, ya rantse ya ga Baba ya faɗi a bakin wani kogi bai tashi ba. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, Inna ta yi takaba cikakkiya ina goye a bayanta. Ta zauna a gidan surukai tana surfe da daka tana ciyar da ni, ba ta yarda ta koma gidansu ba. Bayan an gama yaƙi sai ga shi ya sauko daga mota a tasha da jaka a kafaɗa, ya rame kamar sanda. Matar da ta fara gane shi ta yar da ƙwaryar nononta ta ruga.

"Malam," in ji Inna, don ita ba ta ce masa Kofur, "na yi maka takaba ina yarinya, kana can kana cin shinkafar gwamnati. Ba zan sake wata da tsufana saboda taurin kanka ba. Tashi ka sa riga."

Ya dube ta, ya dube ni, ya tashi ya sa riga. Amma ya kafa sharaɗi, kada kowa ya ji. Muka tafi Zariya, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ce zuciya ce, ta gaji, sai magani kullum da hutu, doguwar tafiya kuma ta ƙare. Duk lokacin da za mu koma ganin likita, abin da unguwa ta sani shi ne Kofur zai raka Ofisa asibiti. Muna tsaye a tasha mutane na cewa, "Allah sarki Kofur, har yanzu ana fama da yaron nan." Ni da furfura a gemu ina riƙe da jakar magungunansa, sai in ce amin.

Faretin bai tsaya ba, ni kaɗai na ci gaba. Baba yakan zauna a zaure ya jira ni. In na dawo ya duba takalmina ko akwai raɓa da ƙasar gona, ya taɓa bayan rigata ya ji ko gumi ne ko ruwa na yayyafa. Na taɓa gwada ruwan sau ɗaya, ya sansana ya ce in koma. Sugan ya sauka, likitana ya yaba. Tumbin ya ragu kaɗan, ba yadda zai ruɗi wanda ya san ni ba.

Bayan an yi girbi ya ce in kai shi Janfalan a babur. Akwai wani tsoho a can da suka yi yaƙi a rukuni ɗaya, su biyu kaɗai suka rage a duk yankin. Shi wannan kunnuwansa biyu duka sun tafi, idonsa ma saura kaɗan. Muka same shi a gindin bishiyar mangwaro a ƙofar gidansa, an shanya masara a gabansa yana korar awaki. Da ya gane Baba sai ya dafa bishiya ya miƙe, suka sara wa juna, sannan suka rungume suna ihu a fuskar juna, kowa na amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Labarina ya riga ni zuwa Janfalan. Tsohon ya ƙura mini ido, ya nuna ni da sanda, ya ce da ƙarfi, "Wannan ne ƙaton da ka saɓo? Kai, Kofur, ashe da sauranka! Kai kuma yaro, ba ka ji kunya ba?"

Na sunkuyar da kai na ce na ji, don na gaji da musu.

Baba ya dubi masarar. Can ya matsa kusa da abokinsa, ya yi magana da muryarsa ta yau da kullum, ba da ihu ba.

"Ba haka aka yi ba. Ni ne na faɗi. Yaron nan ya goya ni tun daga tsakiyar fadama har titi, ya faɗi a rafi bai sake ni ba. Da ba don shi ba da a cikin rake za a tsince ni."

Tsohon ya kafa hannu a kunne. "Me ka ce? Goro? Akwai goro!" Ya laluba aljihu ya fito da ɓari ya miƙa masa.

Baba ya karɓa ya ɓantara. Na jira ya maimaita da ƙarfi. Ya tauna goronsa, ya waiwayo ya dube ni.

"Na dai faɗa," ya ce. "In bai ji ba, ba laifina ba ne."

Na ce, "Na ji, Baba."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ihun ya lafa, suka koma ambaton garuruwan mutanen da suka tafi tare ba su dawo ba, wannan ya ce ɗan Kudan, wancan ya ce ɗan Saulawa mai waƙa, suna Allah ya jiƙansa. Suka ɗaga hannu suka yi musu addu'a, na shafa tare da su. Matar gidan ta aiko da fura a kwanuka uku, furar ta sha nono, an zuba mata sukari har ana ganinsa a sama. Na kai hannu. Baba ya janye kwanona ya ajiye a gabansa, ya ce a kawo wa Ofisa ruwa. Ya shanye nasa, ya shanye nawa, ya goge baki, sannan ya ce in je in kori awakin nan daga kan masarar mutane tunda ba ni da aikin yi. Na tashi na kore su.